Hannun da Usaini Ya Miƙa da Sunanka

Zuwa ga ɗana Hasan, a bakin iyakar Kamaru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da abokan tafiyarka. Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Da girma na koya, kuma duk sanda bindiga ta tashi sai alƙalamin ya zame.

Sojoji masu bore ba su lafa ba, rabin kasuwar Kilomita Biyar a rufe take. Kada ka taso da motar. Amma ba harbi ne ya sa na rubuto ba.

Na san abin da kuka yi. Da mai motar ya ce sai kowane direba ya yi gwajin jini, ɗan'uwanka Usaini ka tura ya miƙa hannu da sunanka, don tsoron allura. Tun kuna yara haka kuke. Ranar rigakafi ya karɓi tasa, ya sake bin layi ya karɓi taka, ba wanda ya gane.

Sakamako ya nuna kitse ya yi yawa a jinin, irin mai toshe hanyoyin zuciya. An ce da labari ya iske ka dariya ka yi, ka ce, "Ai ba jinina ba ne."

Na ratsa shingayen sojoji da Usaini, na gaya wa likita gaskiya. Na ce laifin tukunyata ne, manja da man gyaɗa, tunda shi a gida yake ci, kai kuwa a hanya. Likitan ya ce abinci yana da nasa kaso, amma kitse mai yawa haka a jikin saurayi siriri, gado ya fi zato. Ya ce tagwaye masu kama ɗaya irinku gadonsu ɗaya, ko gari ya raba su jininsu ba ya nisa da juna. Sai ya tambaye ni me ya kashe mahaifinku.

Hasan, na gaya masa yadda aka yi. Kana tuna yadda ya faɗi tsakanin bandiran atamfa a shago, bai ko fara furfura ba? Siriri ne kamar ku.

Usaini ya fara shan magani, na rage mai a miya. Kai fa? Kai da kake gangara tudu da mota cike da kaya, in ƙirjinka ya riƙe, wa zai kama sitiyari?

Ɗana, akwai asibiti a inda kake. Ka je, ka runtse ido kamar yadda kake yi in ina cire maka ƙaya. Wannan karon babu mai miƙa hannu a madadinka.

Allah Ya kashe wannan wuta, Ya jiƙan mahaifinku, Ya bar min ku biyun.

Innarku, mai jiran amsa.