Kunun Kanwar Inna Ya Kashe Mini Allura

Abbasiya, Alƙahira, Yuli 1982

Baba Ɗantsoho, don girman Allah ka cece ni kafin in buɗe baki in faɗi maganar da ba ta maiduwa. Cikin haushi nake wannan rubutu.

Ni mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo ni Masar, karatun bai yiwu ba, sai Allah ya haɗa ni da wani tsohon Bagirke mai kama ɓeraye a manyan sitocin hatsi. Shi ya koya mini sana'ar, da zai koma ƙasarsu ya bar mini dabbobin aikinsa guda biyu. Ba mu da irinsu a gida. Ka ɗauka tunku ne, amma siriri, dogo, wanda ya saba da hannun mutum, shi ya sa nake ce musu tunkun Turawa. Ana saka su ramin ɓera su bi shi har ƙurya, ɓeraye su fito a guje su faɗa ragar da na ɗana a bakin ramukan. Macen na sa mata Allura, namijin Zare, don inda ta shiga nan yake bi. Da su nake ci, da su na yi aure, kuma duk faɗin Alƙahira ban san inda zan sami wasu ba.

Allura ta mutu ranar Talata. Zare ga shi can kwance a keji, ko kai ba ya iya ɗagawa sosai. Wadda ta jawo mini wannan kuwa surukata ce.

Matata Asama'u ta haihu, haihuwar fari. Tafiya gida ba ta yiwu ba, sai mahaifiyarta ta zo yi mata wankan jego. Wallahi na yi murna, ni na je filin jirgi na ɗauko Inna da kayanta. Tun ranar da ta ɗora ido kan keji ta shiga salati. Wai ta ce wa 'yarta ba ta taɓa ganin mugun mai kiwo irina ba, dabba sai tsawo da ƙashi, ita a gidanta ko kazar maƙwabta ce ta shigo sai ta fita da ƙiba. Gaskiya ne Inna ta yi suna a kiwon raguna, duk unguwarsu an sani. To Baba, ragon layya aka ce mata na ajiye? Dabbar da aikinta shiga rami, in ta yi teɓa me za ta yi mini? Gadi?

Ashe kullum na sa ƙafa waje, sai ta zuba musu ragowar kunun kanwar mai jego, da madara da sukari. Wata rana dabino, wata rana kilishin da ta kawo mini tsaraba, mai yaji da gishiri. Su kuma kwaɗayayyun banza suna lashewa, ita tana ganin ta ceci rai. Bai ishe ta ba, ta ɗauke kejin daga inuwar baranda don ta sami wurin shanya tsumman jariri, ta kai shi madafa, inda take tafasa ruwan wanka a kan risho safe da yamma. A wannan zafi na Yuli, Baba! Ni da nake mutum ba na iya tsayawa a madafar nan.

Da suka fara zawo na ɗauka naman da nake saya musu ne ya lalace. Da azumi a bakina na je na wanke mahaucinmu tas a gaban jama'a, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ranar Talata na dawo da la'asar na tarar da Allura baki buɗe tana haki, miyau na zuba, jikinta ya saki. Na sheƙa mata ruwa, na yi mata fifita, kafin a sha ruwa ta mutu a tafin hannuna. Da na jawo kejin sai ga kwanon kunu a bayansa. Na ritsa Asama'u, ta fashe da kuka ta faɗa mini komai.

Abin da ke cin raina shi ne ba ni da bakin magana. Ka san yadda muke. Ban taɓa kallon ƙwayar idon Inna ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta. Na fito da gawar Allura a naɗe, ta yi mini sannu ta ce kwana ne ya ƙare, ni kuma na sunkuyar da kai na ce na gode. Na gode, Baba! Ni da aka yi wa ɓarna! Na sauka ƙasa ina huci, mai gadin gidanmu ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri da Larabcin nan, kamar ma'alish na shiga rami. Duk haushin a kan Asama'u na sauke, ita kuma ta ce ko za a yanka ta ba za ta iya ce wa uwarta ke kika kashe ba.

Jiya na leƙa madafa, sai ga Inna da cokali a bakin Zare, wai marar lafiya sai da kunu. Na tsaya bayan ƙofa ina ta tari don ta gane. Ta aiko mini da citta da zuma.

Khalas, shi ke nan, na gaji. Ko dai in ɗauki Zare in koma ɗakin abokina Sulaimanu a unguwar Ard al-Liwa har a yi arba'in, kowa ya ce na gudu na bar mai jego, ko in ajiye kunya in faɗa wa tsohuwar nan abin da ta aikata, in ya so komai ta fanjama fanjam. Me zan ba shi ya tashi? Kuma yaya zan raba shi da cokalin Inna? In ya bi Allura, sana'ata ta mutu.

Mai Cizon Yatsa

Amsa

Ɗana Mai Cizon Yatsa, Allah ya raya abin da aka samu, ya kuma maye maka gurbin abin da ka rasa. Haushinka yana da dalili, ba zan ce ka haɗiye shi ba. Amma mu fara da wanda ke kwance.

Ka fid da kejin daga madafa yanzu, ka kai shi wuri mafi sanyi a gidan, ka shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tsumma, ruwan sha kada ya yanke. Na tambayi wani likitan dabbobi da na sani, ya ce irin waɗannan dabbobi ba sa jure zafi ko kaɗan, kuma hakin nan da miyau da sakin jiki sun fi kama da bugun zafi. Kunu ya kwantar da Allura, amma mai yiwuwa risho ne ya ƙarasa ta. In ka sake ganin haka, ka jiƙa ƙafafu da ciki da ruwan randa a hankali, ban da ƙanƙara. Kuma ka kai Zare wurin likita yau, domin zawo ba ya daɗewa yake ƙarar da ƙaramin jiki. Ka gaya masa dabino ya shiga cikinsa, ko wani abu ya toshe hanji. Ka duba dasashinsa, in ya yi fari ko ka ga jini a kashinsa, ka tambayi masu sito ko sun zuba maganin ɓera. Daga yau kada ya ci ɓeran da ba ka san abin da ɓeran ya ci ba.

Abincinsa nama ne zalla. Yanzu ka fara da romon kaza marar gishiri, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana. In cikin ya tsaya, sai dafaffen nama da aka daka, da zuciya, da gwaiduwar ƙwai, hanta kuwa 'yar kaɗan. Ban da madara, ban da sukari da dabino, ban da hatsi, kanwa, gishiri, yaji da albasa. Kada ya koma rami sai ƙarfinsa ya dawo.

Yanzu ga taka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka kawo baƙuwa gida mai dabbar da ba ta taɓa gani ba, ka ji tana cewa yunwa ke damunsu, ka yi shiru. Da abin da ta sani ta yi aiki, kuma da shi ta raya matar da kake aure. Kunyar surukai ta hana ka ɗaga mata murya, ba ta hana ka aika saƙo ba. Tari ba saƙo ba ne. Kuma ka daina sauke fushinka a kan mai jego, ka ba ta haƙuri, ka biya ta wurin mahauci shi ma.

Kada ka gudu Ard al-Liwa, kada kuma ka ce wa Inna ke kika kashe. Asama'u ta ƙi kai zargi, amma ba za ta ƙi kai roƙo ba. Ta gaya mata likita ya ce cikin wannan dabba irin na kyanwa ne, kunu da zafi suna kashe ta, kuma kai kana roƙon ta karɓi jinyar Zare don hannunta ya fi naka. Ka kawo kaza ka ajiye mata. Mai kiwo ba ta iya ganin dabba kwance ta naɗe hannu, saboda haka cokalin nan ba za ka ƙwace shi ba, abin da ke cikinsa za ka canja. Inna ba yarinya ba ce. Tana jin maganar likita za ta gane abin da ya sami Allura ba sai ka faɗa ba, kuma ranar nan ita ce za ta kasa kallon idonka. In hakan ta faru, ka durƙusa ka gaishe ta kamar kullum.

Allah ya tashi kafaɗar Zare, ya sa a yi arba'in lafiya.

Baba Ɗantsoho