Duwatsun da Ƙaninki Ya Wanke

Zuwa ga Maman yara,

Shekara huɗu ke nan rabona da gida. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ya yaran? Da fatan tarin auta ya lafa. Ni dai da sauƙi, an sallame ni daga asibiti.

Kin tambayi labarin ƙaninki Dogo. Na so in yi shiru, amma gara ki ji daga bakina.

Kin san akwatin gilashin da nake kula da shi a ɗakin jiran likitan haƙori: ruwan gishiri, kifi tara, jatan lande, da murjani mai rai. Da shi nake riƙe ku. Duk mako nakan rage ruwan in zuba sabon haɗi, in ɗauraye soson matatar ruwa a tsohon ruwan, ba na famfo ba. Duwatsun ciki kuwa ba a taɓa su. Gansakukar jikinsu ba ƙazanta ba ce, ƙananan halittun da ke cinye kashin kifi a nan suke zaune. Dattin gaske ido ba ya ganinsa. Naitiret ake ce masa, sai an ɗiga magani a kwalbar gwaji, in ta yi ja to akwai matsala.

Duk na faɗa wa Dogo ranar da aka kwantar da ni, na miƙa masa makulli. Ni na kawo shi garin nan, katifa ɗaya muke kwana.

Ashe Dogo ya je ya sami likitan haƙorin, ya nuna masa duwatsun, wai ga dauɗar da na tara shekara da shekaru. Ya fito da su ya dirje da buroshi da ruwan zafi, suka yi fari tas, ya jefar da tsohon soso. Likita ya yaba, ya ba shi aikina. Ina kwance Dogo yana kawo min lemo, yana ɓoye min zancen.

Mako bai cika ba ruwa ya yi kamar an zuba madara, kwalba ta yi ja, kifi suna haki a sama.

Ba zan zalunce shi ba. Ba rago ba ne, har kanta ya yi a hannu wajen dirzar. Kuma shi ya zo ya faɗa min da ruwan ya ɓaci, shi ya yi ta hawa bene da bokitan sabon ruwa. Rashin sani na yafe. Maganar da ya kai wa likita ce ta tsaya min a wuya.

Likita ya ce ya gaji, ba ya buƙatar ko ɗayanmu, za a fitar da akwatin. Kada ki gaya wa Inna, ɗanta ne.

Ga abin da na tsirar, yana bokiti a gefen katifa: kifi biyu, jatan lande ɗaya, ɓallin murjani uku, da dutse guda da ya maƙale a bayan matatar ruwa, hannun Dogo bai kai ba, gansakukarsa na nan.

Ki shafa min kan yara.

Mijinki,
Baban yara