Kwanon Ummu Shakir

Gubaira, Riyad

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna?

Ni da maigida lafiya lau, alhamdu lillahi. Iƙamata, wato takardar zama a ƙasar, ta fito, amma izinin aiki shiru tukuna. Ni da na saba karɓar haihuwa a asibiti, yanzu bango nake kallo har maigida ya dawo daga tuƙi. Kada ki gaya wa Inna, abin bai kai nan ba.

Da na zo, a buɗe nake barin ƙofa kamar a Damagaram, ina jiran maƙwabta su shigo yi min barka da zuwa. Yaya, ko mutum ɗaya bai leƙo ba! Haushi ya kama ni, na yi dambu na zuba a kwano, na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Wata tsohuwa 'yar Sudan, Ummu Shakir, ta karɓa. Ba ta jin Hausa, ni kuma Larabcina na salla ne.

Washegari kwanon ya dawo cike da dabino. Ashe su ma ba sa mayar da kwano wayam. Ni kuwa 'yar Inna ce, ba za a fara daga kaina ba. Tun ranar kwanon nan bai huta ba. Jiya a wurina ta wuni, tana koya min Larabci, tana dariyar bakina. Allah ya ba ni uwa a nan, na gode masa.

Don Allah in kin samu mai tahowa, ki aiko min busasshen zogale da ƙuli-ƙuli. Ki hanzarta, kwanon yana hannuna.

Ƙanwarki,
Delu