Wadda Aka Bari a Fanya

Ka'akiyya, Makka
3 ga Muharram

Zuwa ga Hajiya Kabira, uwargidan Alhaji Abdulrazak, a Malabo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara.

Ba ki san ni ba. Sunana Mailafiya, ina sayar da asuwaki a bakin wani masallaci a nan Ka'akiyya. Maigidanki ya tsaya saye, sai aka kira shi a waya, na ji ya juya harshe zuwa Sifaniyanci. Rabona da jin yaren nan shekara hamsin da biyar. Na riƙe masa hannun riga kamar mahaukaci. Shi ya ce in rubuto miki, wai ke ce kika san kowa a kasuwa.

A tsibirinku aka haife ni, zamanin Turawan Sifen, ana kiran garin Santa Isabel, mu Hausawa muna ce wa tsibirin Fanya. Mahaifina mahauci ne, yana kai nama gidajen masu gonakin koko. Mahaifiyata Marsela 'yar ƙabilar Bubi ce daga Rebola. A makarantar mishan na koyi rubutun nan, ki yi haƙuri da shi.

Wata biyu kafin a sauke tutar Turawa, Baba ya ce ƙasar za ta rikice. Ya sa ni a jirgin ruwa zuwa Duwala ina ɗan shekara goma. Muka bi ta Chadi da Sudan, shekara uku muna hanya. A Sudan ya gaya min labari ya zo, Inna ta rasu. Amma akwai ƙanwata Ɗaso, mun bar ta tana shekara shida.

Baba ya rasu. Matata ta rasu, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan. Takarda ɗaya gare ni, ta haihuwa, mai hatimin Turawa. Na taɓa nuna wa wani mai cike takardu, ya juya ta ya ce ƙasar da ke jikinta babu ita yanzu.

Don Allah ki tambaya min a Rebola. Kunnena ya yi nauyi, ba na jin waya. Ki ɗauki hoton amsarki ki turo ta lambar Majid mai kanti, zai buga min a takarda.

Wassalam,
Mailafiya

*

Malabo
20 ga Agusta

Baba Mailafiya, wa alaikumus salam. Muna lafiya, Alhaji ya iso lafiya, yana gaishe ka.

Baba, na je Rebola har sau biyu, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya san wata Ɗaso. Sai wata tsohuwa ta ce, “Ko 'yar Bahaushe kike nufi? Ai Pilar ce.”

Tana nan da ranta! Tana noman gwaza a bayan gida, mijinta ya mutu, 'ya'yanta uku, suna zuwa coci. Hausa ta ɓace mata, da Sifaniyanci muka yi magana. Na same ta tana feraye gwaza. Da na ce “Ɗaso”, wuƙar ta faɗi daga hannunta. Ta dube ni ta ce, “Wa ya mutu?” Na ce ba wanda ya mutu, yayanki ne yake nemanki daga Makka.

Yanzu ga abin da na kwana uku ina tunanin yadda zan rubuta. Ka zauna tukuna. Mahaifiyarku ba ta rasu kuna Sudan ba. A shekarar 1999 ta rasu. Pilar ta kai ni kabarin, na karanta da idona.

Na ce ta ba ni saƙo, ta ƙi. Har na kai bakin hanya ta biyo ni. Ta ce, “Tambaya ɗaya za ki yi masa. Ranar da suka fita, ya san ba za su dawo ba, ko bai sani ba?”

Allah ya ba ka haƙuri, Baba.

'Yarka,
Kabira

*

Ka'akiyya
19 ga Safar

Hajiya Kabira, assalamu alaikum. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a.

Na jinkirta amsa, sati guda ban buɗe tabarmar asuwaki ba. Shekara talatin da ɗaya Inna tana raye, ni kuwa ina nan ina yi mata addu'ar mamaci. Kowace shekara alhazai na zuwa daga ko'ina. Da layi biyu na rubuta da ya isa gare ta. Na hau mota na je maƙabartar da aka binne Baba don in tambaye shi. Kin san kaburburan nan ba su da suna. Na tsaya cikin rana ina duban duwatsu iri ɗaya, ban san wanda zan yi wa magana ba, na dawo.

Ki gaya mata na sani. Kwana uku kafin tafiyar Baba ya gaya min, ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa ba. Kuma ba zan ɓoye ba, murna nake yi zan shiga jirgi. Da safen muka ce wa Inna mahauta za mu. Ɗaso ta biyo mu har gangaren da ke sauka tashar jirgi, tana cewa, “Yaya, jira ni.” Baba ya ce in kore ta. Na ce ta koma, ta ƙi. Sai na mare ta. Ban taɓa dukanta ba sai ranar. Ta riƙe kunci ta juya, ko kuka ba ta yi ba.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Ki karanta mata yadda na rubuta, kada ki gyara.

Da zan iya da na ce ta zo. Amma ita ba Musulma ba ce, ba za a bar ta ta shigo Makka ba, ni kuma in na fita ba ni ba dawowa.

Wassalam,
Mailafiya

*

Malabo
17 ga Satumba

Baba, salam. Na karanta mata, ban rage ko kalma ba. Ta sa na maimaita wajen marin. Ga abin da ta ce, na rubuta tana faɗa:

“Na san ya sani. So nake in ji ko zai yi ƙarya. Marin ba komai ba ne, na sha wanda ya fi shi daga baya. Ki gaya masa Inna ta yi shekara goma ta ƙi barin ɗakin nan na cikin gari, wai kada su dawo su rasa mu. Babanmu bai yi ƙarya ba da ya ce ƙasar za ta rikice. Mun ci yunwa, an kama kawu bai dawo ba. Ya yi daidai da ya gudu da ɗansa. Amma 'ya'ya biyu gare shi.”

Na ce to kin yafe masa? Ta ce, “Ba na yafiya a takarda. In yana so, ya zo ya tsaya a gabana.”

Baba, idonta ɗaya ya riga ya tafi, ciwon suga ne, ɗayan ma yana bin sa. Na ga ya kamata ka sani.

Alhaji ya ce kada ka kuskura ka baro Makka da shekarunka. Sai dai in ka tsinci kanka a Kano, yayana Zali yana Fagge, ya san hanyar takardu, yana zuwa Duwala duk wata biyu. Ga lambarsa a ƙasa.

Mu kwana lafiya,
Kabira

*

Ka'akiyya
15 ga Rabi'ul Awwal

Hajiya Kabira, assalamu alaikum.

Jiya na yi ɗawafin bankwana. Gobe zan miƙa kaina ga hukumar jawazat, masu kula da shige da fice. An ce za a tsare ni wasu makonni, sannan a sa ni a jirgin Kano, garin da ban taɓa gani ba. Ban gaya wa 'yan unguwa ba. Za su ce mutane na sayar da gona don su mutu a nan, ni ina fita.

Ki sanar da Zali. Ita kuma ki ce mata ta lallaɓa idon.

Na zagaya kasuwar Zahir sau biyu ina neman tsaraba. Na fito da takalmi, ban ma san girman ƙafarta ba.

Wassalam,
Mailafiya