Kwalbar Mutumin Kwatano

Laraba da dare, Aliero

Alhamdu lillahi, yau Allah ya rufa mini asiri. Kwalbar nan da Pol, mai sayen albasata daga Kwatano, ya aiko mini, sati biyu tana cikin kabet ɗin Hajiya. Direba ya ce ruwan inabi ne na Faransa, ni kuwa na ce a ajiye wa Liman da manyan baƙi sai ranar sunan jikata, gobe ke nan.

Bayan la'asar na ce bari in ɗanɗana kafin in ba mutane. Launinta kamar zuma. Da na kai hanci, ƙamshin dabino da itace ya fara zuwa, sai wani zafi ya doke ni har hawaye. Ban kai baki ba, na kira Pol.

Da alfahari ya yi ta bayani da Hausarsa ta kasuwa: a matse inabi ya yi tsami, a dafa a tukunyar tagulla a tara ruwan tururin, sannan a rufe cikin gangar katako shekara da shekaru. Na ce, "Pol, ai giya ke nan hwa!" Nan take ya shiga ba ni haƙuri, wai abin da ya fi daraja a gidansa ya ba ni.

Ban ji haushinsa ba. Na naɗe ta a buhu, motar Jumma'a za ta mayar masa. Hajiya ta jiƙa zoɓo.

Har yanzu gabana faɗuwa yake in na tuna kofi mafi girma na ware wa Liman.