Ni Na Rage Kaurin Faifan, Yaya Kabiru

Zuwa ga Yayana, Dakta Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara da duk mutanen gida a Zariya. Yaya hannun? Allah ya ƙara sauƙi.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a fili alhali lambarka tana wayata. Na sha kiranka da niyyar faɗin wannan magana, sai mu ƙare a hirar zafin Doha. Shekara biyu ke nan ina haka. Na rubuta a inda jama'a za su gani don kada in sami ƙofar janyewa. Ka yi haƙuri in maimaita abin da ka sani, saboda masu karantawa.

Ba uwa ɗaya uba ɗaya muke ba. A wani masallaci a nan Doha ka ji ina Hausa a waya, ka dafa kafaɗata, daga ranar na zama ɗan gida. Kai likitan tiyata, ni injiniya a kamfanin gas.

Ka tuna ranar da aka sauke motar a gidanka na unguwar Mu'aither? Tsohuwar motar Amurka ce da ta girmi mahaifinka, ba rufi, an dasa mata ƙaton injin da ba nata ba. In ka tayar da ita har tagogin maƙwabta sai sun yi rawa. Anti Hadiza ta leƙo ta ce ka sayo makara mai taya. Ka yi dariya har da riƙe ciki.

Abu ɗaya ya hana ka sakat. Ka sayi sababbin wili masu faɗi don baya, suka ƙi shiga. Kusoshi biyar ne a jikin motar, ramuka biyar ne a wilin, amma tazararsu ba ɗaya ba ce. Na ce maka maganin abin faifai ne na alminiyam mai kauri: a ɗaure shi a jikin mota da noti, shi kuma yana da nasa kusoshin da wili zai hau. Ka ce, "Kai ne injiniya, Nasiru. Ni nama na sani, ƙarfe naka ne."

Shekarar ce maƙwabta suka rufe wa ƙasar nan iyaka, kayan mota da ke shigowa daga Dubai suka tsaya cak. Na yi oda daga Amurka, wata biyu shiru. Na shiga Sina'iyya, unguwar garejoji, shago shago ina nuna awo a takarda, ana girgiza min kai. A ƙarshe na dace a wajen wani dattijo ɗan Pakistan mai jan gemu, mai shagon kayan tsofaffin motoci da injin sassaƙa ƙarfe a ciki. Yana da faifai biyu, sai dai ramukansu sun ɗan kauce wa awonmu.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba daga nan ya fara.

Na huda sababbin ramuka biyar a tsakanin tsofaffin. Da na ɗaura, kaurin faifan ya turo tayar waje tana gugar bodi. Na koma wajen dattijon na ce ya sassaƙe min shi. Ya juya faifan a hannu, ya ƙi. Da guntun Larabcinsa da Turancinsa ya ce rami goma a faifai ɗaya ya isa rauni, in aka ƙara rage kauri ba abin da zai riƙe kusa. Na ce masa ni injiniya ne. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, kai ka sani, amma ba da hannuna ba." Na kai wani gareji, na tsaya a kan injin da kaina, na ci kusan rabin kaurin. Na kawo maka na ce haka aka sayar min.

Ranar Juma'a ce da hantsi, lokacin sanyi, hanyar Salwa ba kowa. Kana gaba, ina bin ka a motata. Ka ɗaga hannun dama kana min alamar yalla, wato mu je, ka taka.

Na ga tayar baya ta hagu ta yi wata irin rawa. Kafin in danna oda ta fice, ta wuce ka da gudu kamar an harbo ta. Gindin motar ya daki kwalta, wuta ta yi tartsatsi, motar ta juya ta bugi shingen ƙarfe, ta tashi sama ta kife. Sau biyu ta wuntsila. Na ga takalminka ɗaya ya faɗo a tsakiyar titi.

Da na iso, kana kwance rabin jikinka a waje, gefen motar ya danne hannunka na dama daga gwiwa zuwa yatsu. Mai yana tsiyaya, jini yana bin kwalta yana haɗuwa da shi. Fuskarka ta tsage daga gira zuwa kunne. Direbobin wata babbar mota suka tsaya, muka ɗaga da ƙyar, na ja ka. Abin da ya fito daga ƙarƙashin ƙarfen bai yi kama da hannu ba. Ƙashi a waje, fari fat. Ni ina ihu, kai kana ba ni umarni a hankali kamar kana ɗakin tiyata: "Cire bel ɗinka. Ɗaure sama da gwiwa. Ja. Ƙara ja, Nasiru, kada ka ji tausayina."

Abokan aikinka suka yi iya yinsu. Hannun ya tsira, yatsu uku suka tafi, sauran biyun ba sa lanƙwasa. Wuƙar tiyata ta bar hannunka ke nan.

Kwana biyu bayan haɗarin na koma wurin na tsinto rabin faifan a cikin yashi. Ban dube shi ba, Yaya. Ban so in duba ba. Na zarce Sina'iyya. Dattijon yana shan shayi, ya miƙe zai gaishe ni, na kwaɗa masa ƙarfen a baki. Ya faɗa kan tarin wili. Na bi shi na shaƙe, ina buga kansa da ƙasa, ina zaginsa da Hausar da ba ya ji. Haƙoransa biyu suka zubo, jini ya rine gemun. Na wawuri sifana na ɗaga sama. Da maƙwabtansa ba su riƙe ni ta baya ba, da yau daga kurkuku nake rubuto maka, ko ma babu ni.

Yana zaune a ƙasa, ya miƙa hannu ya ɗauki guntun faifan. Ya goge jininsa da ke jiki da hannun riga, ya ɗaga min shi, ya sa farce ya bi tsagar. Daga ramin da na huda ta taso, ta bi inda na sassaƙe.

'Yan sanda suka zo. Ka san ƙasar nan: duka irin wannan ɗauri ne, sannan kora. Suka tambaye shi wa ya yi masa haka. Ya ce santsin mai ne ya kwashe shi ya faɗa kan inji. Suka sake tambaya, ya maimaita. Da suka tafi ya tambaye ni ko likitan da na ce masa motarsa ce yana da rai.

Na dawo asibiti na zauna a gefen gadonka. Ka tambaye ni me ya faru da tayar, na ce faifan jabu aka sayar mana. Ka rufe ido ka ce, "Allah ya isa tsakanina da mai shagon nan." Na bar ƙaryar a haka. Ranar da na raka ku filin jirgi za ku koma Zariya ka sake faɗa. Anti Hadiza ta gaya min har yanzu, duk sanda cokali ya suɓuce maka, sai ka faɗa.

Watan jiya na je shagon, na tarar da wani. Ya ce dattijon ya koma ƙasarsu, ba shi da lafiya sosai. Na karɓi lambar ɗansa, na kira, ya miƙa wa dattijon wayar, na roƙe shi gafara. Muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce ya yafe tun ranar.

Saura kai, Yaya. Ban rubuto don ka yafe min ba, wannan yana hannunka, kuma in ka ƙi ban ga laifinka ba. Roƙona ɗaya ne: ka ɗauke Allah ya isar nan daga kan bawan Allahn nan tun yana da rai. Ba shi ya ci hannunka ba. In dole sai ta sauka a kan wani, ga ni.

Allah ya ba ka lafiya, ya musanya maka da abin da ya fi hannun alheri. Allah ya ba dattijon nan sauƙi, ya saka masa da abin da ni ban iya ba. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin ɗauka idan wayarka ta shigo.

Ƙaninka,
Nasiru
Nu'aija, Doha