Kanwa ta Wanke Idon Dairu

Gaundare, 4 ga Rajab

Zuwa ga Adda Dija,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙane mai kunya, ko da yake kin san ba ni da ita. Yaya Yawunde, yaya ruwan sama, yaya ƙwayoyin cutar da kike leƙawa a madubi tun safe har yamma? Ki gaishe su, ki ce mai masaukin 'yan'uwansu yana nan lafiya. Na rubuto da ajami na ba Ɓuba na jirgin ƙasa, don saƙon waya Goggo Dudu ce ke fara saurarensa kafin ni.

Albishirinki. Kin san tun da aka canja mini magani bara, saboda na farko ya daina riƙe ƙanjamau ɗin da aka haife ni da shi, idona ya koma ruwan ɗorawa. Madam Ngono ta asibiti ta ce ba komai, haka wannan maganin ke yi wa wasu. A wurinta ne ba komai. A shagon ɗinki Mangwaro suke kirana. Wanda ya laƙa mini sunan na ɗinke masa ƙafar wando ɗaya, ya yi ta tsalle a gaban mutane, mun yi canjaras.

Gidan su Astajam ne damuwata. Ita ta san komai, tun farko na gaya mata, ta ce ta ji ta gani. Amma babanta, Bappa Hamajoda, ya ƙura mini ido ya ce, "Dairu, wannan idon fa?" Na ce, "Bappa, zare rawaya nake ta aiki da shi." Bai yi dariya ba. Ya ce aure bayan ƙaramar Sallah, amma in fara zo masa da farin ido.

Sai Goggo ta jiƙa mini kanwa, irin wadda ake ba shanu, wai ciwon shawara ne ke damuna. Don kada in yi aiki biyu, na riƙa haɗiye maganin da ruwan kanwar. Adda, wata biyu ke nan, idona fari tas kamar kindirmo! Kuma ko rana ɗaya ban tsallake magani ba. Ke da tulin takardunki, ni da allo kaɗai, ga shi na riga ki. Ki sa sunana a littafinku, a rubuta shi da kyau.

Ƙanenki,
Dairu

*

Yawunde, 9 ga Rajab

Dairu,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya kai da Goggo. Ka ajiye kanwar nan yau, kafin ka gama karanta takardata. Ka zauna in gaya maka aikina, tun da ba ka taɓa tambaya ba sai tsokana.

Idan ƙwayar cutar ta shiga cikin sojan jini, sai ta mayar da shi shagonta. Tana sa shi ya saƙa mata wasu dogayen sassa, kowanne kayan gini ne iri-iri a haɗe, kamar yadin da ba a yanka ba. Fiye da dubu biyu ke jeruwa a ƙarƙashin fatar sojan, gefe da gefe, su tura fatar waje har ta kumbura ta tsinke da su a ciki. Sabuwar ƙwaya ke nan. Amma ɗanya ce, ba ta iya kama kowa.

A cikinta akwai ɗan almakashi. Shi ke bin kowane yadi ya yanka shi wuri biyar, bi da bi. Sai wasu daga guntayen su sake haɗuwa su yi ƙwanso mai kamar ƙahon saniya, ya rufe saƙon gadon ƙwayar. A nan ne ta nuna, ta iya shiga wani sojan, ko wani mutum. Kai tela ne, ka san turmi bai zama riga ba sai an yanka.

Maganinka bakin almakashin nan yake shiga ya toshe. Ƙwayoyin su yi ta fitowa ɗanyu, ba su da amfani. Sai dai ba ya narkewa sosai in babu tsamin ciki. Ka tuna me Goggo ke jefawa a miyar yakuwa don ta kashe tsami? Abin da ka yi wa cikinka ke nan. Rawayar idon shaida ce maganin na cikin jininka. Ta tafi ne don ya ragu.

Abin da na fi tsoro, in magani ya yi kaɗan, ƙwayoyin da almakashinsu ya ɗan bambanta su ne ke tsira su hayayyafa, har maganin ya daina shiga bakinsu. Ka je wurin Madam Ngono a auna jininka, ka gaya mata gaskiya ba wasa. Ba za ka shiga ɗaki da 'yar mutane ba sai awo ya nuna cutar ta kwanta.

Ban yi fushi ba. Na tsorata ne. Allah Ya tsare mini kai.

Addarka,
Dija

*

Gaundare, 27 ga Rajab

Adda,

Sallama da gaisuwa. Na yi jinkiri don na jira takardar awo. Ta fito, kuma ba kyau. Ƙwayoyin da a da ba a iya ƙirgawa a jinina don ƙaranci, yanzu dubbai ne.

Madam Ngono ta cire tabarau ta ce, "Kanwa? Kai saniya ne?" Na ce, "Madam, saniya ai ta fi ni hankali, ita ba ta neman aure." Ta kusa dariya, sai ta fasa. Ta ce akwai wani maganin da ba ya rina ido, amma ba su da shi a nan, sai an nema. Kafin nan in koma kan nawa da ruwa zalla da abinci, a sake awo bayan wata uku. Wata uku ya wuce Sallah, Adda.

Goggo ta yi kuka, wai ita ta cuce ni. Na ce mata ni na haɗa su, ita jiƙawa kawai ta yi. Ta kwashe sauran kanwar ta kai garke.

A shago na cusa ɗan guntun fata a bakin almakashina, na gwada yanka shadda. Ya ƙi. Na zare rabi, ya soma ci. Na daɗe ina kallonsa har maigida ya ce ko aljanu ne. Shekara ashirin da uku ina zaune da abin nan, ban taɓa sanin shi ma sana'armu ɗaya ba. Yana awo, yana yanka, yana haɗawa, ba ya hutun Juma'a. Ni kuma da hannuna na zare masa fatar.

Na gaya wa Astajam a bakin famfo. Na so in sa wasa a ciki, na ce Mangwaronta zai sake nuna. Ta dire bokiti ta ce, "Ka wanke ido saboda Baba. Ni kuma da me za ka zo mini?" Ta ce ba za ta sake taya ni ɓoyo ba, in je in gaya wa Bappa dalilin ɗaga auren da bakina, ko in bar zuwa.

Idon ya fara dawowa rawaya. Da safe na duba madubi na ce masa sannu da zuwa.

Ki yi mini addu'a.
Dairu

*

Gaundare, 11 ga Sha'aban

Adda, sallama.

Na je, ban sa baƙin tabarau ba. Na gaya wa Bappa duka: ciwon Inna, haihuwata, magani, kanwa, har almakashin. Ya ce, "Astajam ta sani?" Na ce tun farko. Ya ce, "To ni kaɗai ne baƙo a gidana." Sannan ya ce in tashi in tafi, zai neme mu.

Kayan gaisuwar da muka kai ba a dawo da su ba. Yau kwana tara. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai na leƙa in ga ko da kaya a bayansa.

Maganin ina sha, da ruwan randa.

Ƙanenki,
Dairu